Yadda Magajin Gari Zai Riƙe Ƙasarsa A Cities: Skylines

Magajin gari, kafin ka baje dutsen da ya tare maka hanya a Cities: Skylines, wasan da kamfanin Colossal Order na Finlan ya fitar a 2015, tambayi kanka inda za ka zuba shi. Tun da aka ƙara kayan haƙa da ciko a 2016, wasan yana lissafa ƙasar da ke hannunka a wani ma'auni: ka haƙa ya hau, ka tayar da tudu ya sauka. In ya cika maƙil an hana ka haƙa, in ya ƙare cikonka ya tsaya a rabi, ga kuɗin aikin kuma suna fita daga asusun gari. Don haka kada ka fara aikin ƙasa shi kaɗai, nema masa abokin tafiya. Kana son fili shimfiɗaɗɗe na masana'antu? Ka riga ka zaɓi kwarin da zai haɗiye tudun. Kana son ɗaga gaɓar kogi saboda ambaliya? Ka haƙa tafki a unguwar da ke marmarin wurin shan iska. Magina a tsohon birnin Kano sun san wannan lissafi, domin yawancin kududdufan cikin gari ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne.

Za a ce ai da sauƙi: a jibge rarar a cikin teku, ko a tara tsauni a bayan gari. Ana yi, amma ruwan wasan nan yana gudu da gaske, kuma wanda ya cike bakin kogi ba shiri zai tarar da motocin talakawansa suna iyo. Tsaunin bayan gari shi ya fi, domin ajiya ce da za ka koma ka ɗiba ranar da aikin gada ya taso, muddin ba ka tsayar da shi a kan hanyar jirgin ƙasa ta gobe ba.

Wasu kuma za su ce a kunna zaɓin ƙasa mara iyaka a huta. Ga mai son zana taswira kawai, wannan daidai ne. Sai dai wanda ya samu ƙasa kyauta yakan daddaɓe ko'ina har garin ya rasa tudu da gangare, tituna su miƙe iri ɗaya. Ƙarancin ne ke tilasta wa titi zagaye dutse, a samu unguwar da ke kallon kogi daga bisa.