Hannu Biyu Sun Yi Kaɗan

In ka ga mutum a tsakar gida ya ɗaga wata sanda mai ƙarafa jere a gicciye, yana bin sama da ita sannu a hankali, kada ka yi saurin kiran mai ruƙiyya. Lafiyarsa ƙalau, tauraron ɗan'adam yake nema.

Tun 1961 da aka harba tauraron OSCAR 1 masu sha'awar rediyo ke wannan sana'a da ba ta kawo ko sisi. Tauraro irin SO-50 na Saudiyya, wanda ke sama tun 2002, ba ya jiran kowa: ya ɓullo ta nan, cikin kamar kwata na awa ya faɗa ta can. Dole bakin sandar nan, wato eriyar da ake kira Yagi, ya bi shi duk inda ya nufa. Tauraron kuma juyi yake yana tafe, sai an riƙa murza wuyan hannu kafin murya ta fito ras. Ga mita na zamewa: yana tahowa ta hau, yana wucewa ta sauka. Hannu ɗaya na eriya, ɗaya na rediyo, biro kuwa sai a haƙora.

Bayan duk wannan, hirar me ake yi ta tauraron? Lambar kira, inda kake, sai an jima. Ko ina iyali babu.

Wanda kafaɗarsa ta gaji sai ya koma wa QO-100, da ke kan tauraron Katar da aka harba a 2018. Shi kullum a wuri ɗaya ake samunsa, Afirka duk tana ƙarƙashinsa. Ka saita faranti sau ɗaya, ka ja kujera. Sai dai tsoffin hannu ba sa yi wa wanda ya kama kaza a akurki kirari.