Wai Ka Ce An Biya, An Rabu?

Tsaya malam, kada ka juya shafi tukuna. Na ga yadda ka taɓe baki da ka ji an ambaci hokin ƙanƙara. Ka ce kai da ba ka san wata ƙanƙara ba sai ta cikin zoɓo, me ya haɗa ka da ƙartai masu zamiya a kan takalman ƙarfe suna korar ɗan faifan roba da sanduna? To wa ya ce wasan zan koya maka? Maganar kuɗi ce, kuma ban taɓa ganin ka yi hamma ana maganar kuɗi ba.

A gasar NHL ta Amurka da Kanada, mai ƙungiyoyi 32, an yanka wa kowace ƙungiya iyakar abin da za ta kashe a albashin 'yan wasa. Tun 2005 ake haka, bayan rigimar masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ta cinye kaka guda ɗungurungum ba a buga ko wasa ɗaya ba. An fara da dala miliyan 39, a kakar 2025-26 ta kai miliyan 95.5. Ka ce iyaka ai ta talaka ce, mai kuɗi sai ya biya tara ya wuce? Ashe ka saba! To nan ba a sayar da izinin ƙetarewa. Toronto Maple Leafs da kuɗi ya yi wa katutu, da ƙungiyar da ke lallaɓa 'yan kallo su zo, mudu ɗaya ake auna musu.

Yanzu sai manaja ya ba ɗan wasa doguwar kwantiragi yana ganiyarsa, shekaru su ja, ƙafa ta yi nauyi, albashi kuwa yana nan daram. Ka ce a kira shi ofis a roƙe shi ya rage? Dokar gasar ta hana sake ciniki a kan kwantiragin da aka sa wa hannu. Ka ce a kore shi? Da wane laifi, tsufa? Kuɗinsa tabbatacce ne ko ya ci ƙwallo ko ya ci tuwo. In babu ƙungiyar da za ta karɓe shi a musaya, ƙofa ɗaya ta rage: a fanshi kwantiragin, a sallame shi.

Ka ce, "Af, wannan ai na sani, abin Neymar ne." Sannu gwani. Yuro miliyan 222 da aka ajiye a 2017 don Neymar ya bar Barcelona zuwa PSG, kuɗin so ne, ana rububinsa. Wannan kuwa kuɗin "don Allah tafi" ne. Ƙungiyarka ce da kanta za ta biya ka don kada ta sake ganin ka a ɗakin canza kaya.

Ƙa'idar ba ta da wuya. In ɗan wasa ya kai shekara 26, za a ba shi kashi 2 cikin 3 na albashin da ya rage masa. In bai kai ba, kashi 1 cikin 3. Ba a dunƙule za a ba shi ba, rarraba shi za a yi a kan ninkin shekarun da suka rage: saura shekara 2, a biya cikin 4, saura 4, a biya cikin 8. Ƙofar ma ba kullum take buɗe ba, 'yan kwanaki ne bayan an ɗaga Kofin Stanley na zakarun gasar, galibi a rufe ƙarshen watan Yuni.

Na ga idonka ya yi haske. Ka ce ai wannan garaɓasa ce, an yafe maka sulusi, sauran kuma biyan sannu a hankali, an biya an rabu. Haba malam! Da haka abin yake da ban ɓata tawada ba. Aljihun mai ƙungiya daban, littafin iyakar albashi daban. Ɗan wasan zai kwashe sandunansa ya tafi, sunansa kuwa yana nan cikin littafin yana cin gurbi. Kamar direban da ya sauke fasinja a hanya ne, amma 'yan yuniyon suka ce kujerar nan ba mai zama har a isa tasha. Motar ba ta ƙara girma ba, kujerar kuwa ba ta kawo ko sisi. Masu sharhin wasan mataccen kuɗi suke kiransa.

Ka ce in kawo shaida? Zauna sosai. Ranar 4 ga Yuli 2012, Minnesota Wild ta ɗauko Zach Parise daga New Jersey da Ryan Suter daga Nashville, ta ba kowannensu kwantiragi iri ɗaya sak: shekara 13, dala miliyan 98. Aka yi ta shewa a jihar, tun ma ba Parise ba, da yake ɗan gida ne. Littafin iyaka ba ya rubuta abin da aka ba mutum a hannu a shekarar, jimilla yake rabawa daidai a kan shekaru. Miliyan 98 a raba gida 13, ya ba ka kusan miliyan 7.54. Nan wayon yake. Aka cusa kuɗin a gaba, miliyan 12 a shekarun farko, aka bar wutsiya siririya: shekaru 4 na ƙarshe miliyan 6 ne, da 2, da 1, da 1. Wutsiyar nan ba don a buga wasa aka ɗaura ta ba, don ta ja matsakaicin ƙasa ne. Kowa ya gane, har ofishin gasar, shi ya sa yarjejeniyar 2013 ta taƙaita kwantiragi zuwa shekara 7, ko 8 in ɗan gida ne yake sabuntawa.

Shekara 9 bayan shewar, a Yuli 2021, babban manaja Bill Guerin ya sallami su biyun rana ɗaya, kowannensu yana da shekara 36. Ɗauko biro. Saura miliyan 10 ga kowane, kashi 2 cikin 3 ya kama miliyan 6.67, a raba a shekara 8, ya zama dala 833,333 duk shekara. Ka ce ka gani, ko miliyan ɗaya bai cika ba, me ake wa ihu? Wannan na aljihu ne, na faɗa maka, ba ka ji. A littafi, tsohon adadin nan na miliyan 7.54 ake ɗaukowa, sai a cire abin da ƙungiya ta tsira da shi a wannan shekarar kaɗai. Shekarar farko albashinsa miliyan 6 ne, an biya 833,333, an tsira da miliyan 5.17, saura miliyan 2.37 a littafi. Madalla. Shekara ta biyu albashi miliyan 2 ne, abin da aka tsira da shi bai taka kara ya karya ba, littafi ya ce miliyan 6.37. Ta uku da ta huɗu albashi miliyan 1, an tsira da dala dubu 167 kacal, littafi ya ce miliyan 7.37.

Ninka biyu, tun da mutum biyu ne. Miliyan 4.7 a 2021-22, miliyan 12.7 a 2022-23, sannan miliyan 14.7 a 2023-24 da 2024-25. Iyakar 2023-24 miliyan 83.5 ce. Wato kusan kashi 18 cikin 100 na abin da aka yarje wa Minnesota ta kashe ya tafi ga mutum biyu da ba sa sa rigarta, kuma a shekarar ko wasannin fitar da gwani ba ta kai ba. Abin da zai ba ka dariya shi ne, a waɗannan shekaru biyu da an bar dattawan suna wasa, da kusan adadin nan dai za a rubuta. Wayon 2012 ne ya dawo karɓar bashinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran.

Ka ce lissafin takarda ne, ba ya hana cin wasa? Tambayi Kevin Fiala. A kakar 2021-22 ya tara maki 85, ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya bayar aka ci, lokacin ƙarin albashinsa ya zo, Minnesota ta duba littafi ta ga babu gurbi. Kuɗi akwai a banki, wurin rubuta su ne babu. A Yuni 2022 aka miƙa shi ga Los Angeles Kings, suka ba shi kusan miliyan 8 a shekara. Don kada ka ce na ɓoye, cikin abin da Minnesota ta samu a musayar akwai wani matashin ɗan baya, Brock Faber, wanda ya zama jigo a ƙungiyar. Sa'a ce ta biyo bayan dole, kada ka mayar da ita tsari.

Shi kuwa Suter, ka ɗauka gida ya koma yana lilo a kujera? Dallas Stars ta ɗauke shi shekara 4 a kan miliyan 14.6. A 2023 Dallas ta haɗu da Minnesota a zagayen farko na fitar da gwani, ta kora ta gida da ci 4 da 2 a jerin wasannin, Suter yana cikin masu korar. A wannan kakar, nauyinsa a littafin Minnesota miliyan 6.37 ne, a na Dallas kuwa miliyan 3.65. Wadda ya taimaka aka fitar ta fi wadda yake yi wa aiki ɗaukar nauyinsa! A Yuni 2024 Dallas ma ta fanshi nata kwantiragin, ya koma St. Louis Blues, ya zama a kakar 2024-25 ƙungiyoyi uku ne ke tura masa kuɗi, yana yi wa ɗaya gumi. In wannan ce kora, ni ma a kore ni.

Yanzu ka juya, na san halinka. Ka ce to Guerin wawa ne kenan. A'a, yi a hankali, ɗazu kai ke yi masa tafi. Mutumin ya gaji ramin ne, ba shi ya haƙa ba. A bazarar nan ta 2021 sabuwar ƙungiya, Seattle Kraken, za ta tsinci ɗan wasa ɗaya-ɗaya daga sauran ƙungiyoyi, kowace tana da 'yan guraben da za ta kare nata, kuma kwantiragin dattawan nan biyu tana da sharaɗin da ke tilasta a kare su sai in sun yafe. Ga kuma wata doka ta 2013 da ke jiran irin wannan kwantiragi mai wutsiya: in ɗan wasa ya yi ritaya kafin wa'adi, sai a dawo wa ƙungiya da duk sauƙin da ta sha, a dunƙule a 'yan shekarun da suka rage. Ga Kirill Kaprizov, sabon tauraro daga Rasha, yana jiran nasa, kuma a Satumba 2021 ya samu miliyan 45 na shekara 5. Guerin ya zaɓi ciwon da ya san ranar zuwansa da ranar tafiyarsa. Ni dai ban ga wauta a nan ba, ciniki ne na wanda aka ritsa.

Ka ce to kowace ƙungiya ta yi haka mana in ta ƙosa? Wakilan 'yan wasa ba barci suke yi ba. Ragin sulusin nan albashi kawai yake taɓawa, kuɗin sa hannu kuwa sai an biya shi cif, kuma a rubuta shi cif. Sai wakilai suka riƙa cewa a mayar da yawancin kuɗin na sa hannu. Toronto ta ɗanɗana da David Clarkson, wanda ta ba shekara 7 a kan miliyan 36.75 a 2013. Da wasa ya ƙi, ta duba fansa ta ga sauƙin bai kai a tashi tsaye ba, sai ta musanya shi a 2015 da Nathan Horton na Columbus, mutumin da ciwon baya ya riga ya hana shi wasa. Ta gwammace majiyyaci, don akwai sassaucin da doka ta yi wa gurbin mai doguwar jinya.

Ka ce amma ka taɓa jin an fanshi wani ba a rubuta komai ba? Ka ji daidai, sau ɗaya dai ka burge ni. Bayan wata rigimar masu ƙungiyoyi da 'yan wasa ta 2012-13 an ba kowace ƙungiya afuwar mutum biyu, a 2013 da 2014, a biya su ba tare da littafi ya gani ba. Da ita Tampa Bay ta rabu da Vincent Lecavalier, Philadelphia ta rabu da Ilya Bryzgalov, New York Islanders ta rabu da golanta Rick DiPietro, wanda za ta ci gaba da tura wa miliyan 1.5 duk shekara har 2029. Wannan kasuwa ta tashi tuni. Vancouver da ta sallami Oliver Ekman-Larsson a 2023 ba ta samu afuwa ba, shekara 8 za ta yi tana ɗauke da sunansa, shi kuwa ya tafi Florida Panthers ya ɗaga Kofin Stanley a 2024.

Daga kakar 2025-26 nauyin Parise da Suter ya sauko zuwa miliyan 1.67 su biyun, zai ci gaba har 2029. Minnesota ta numfasa. Ka ce yanzu kam sun yi hankali, ba za su ƙara kusantar doguwar kwantiragi ba? A Satumba 2025 Guerin ya ba Kaprizov kwantiragin shekara 8 a kan dala miliyan 136, miliyan 17 duk shekara, wadda za ta kai shi shekara 37 da haihuwa. Mafi yawan kuɗin kuma na sa hannu ne. Ɗauko biron nan naka, lissafa mini sulusin da za a yafe.