Ciyawar Alhaji

Mu dai a unguwar nan abu biyu muka sani game da ciyawa: ko a nome ta, ko a yanko wa akuya. Sai ga Alhajin gidan kwana ya zare kuɗi ya sayo ta. A-kori-kura ce ta kawo ta daga wajen masu fulawa na bakin titi, an yanko ta falle-falle da ƙasarta a jiki, aka shimfiɗa a tsakar gida kamar darduma. Baba maigadi, wanda ya tsufa yana faɗa da kiri-kiri a gonarsa, ya tsuguna ya ƙare mata kallo, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ita ce dai. Da ka yi magana na kawo maka buhu kyauta."

Mai fulawa ya bar sharaɗi: mako biyun farko ruwa safe da yamma, har ya ratsa ƙasar da ke ƙarƙashi, in ba haka ba gefuna su bushe, falle ya ja baya da ɗan'uwansa. To kuma a Afrilu aka dasa, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Wa ya hana shi jiran ruwan Yuni? Ɗan garuwan layinmu dai har sabuwar waya ya yi.

Sharaɗi na biyu ne ya fi ƙarfinmu: kada a taka sai saiwa ta kama. Mu da ke ganin wuri mai sanyi mu jawo tabarma! Yara sun ga filin ƙwallo, Hajiya ta ga wurin shanya, 'yar aiki ta sheƙa ruwan wanki da omonsa, wurin ya yi rawaya kamar an ajiye tukunya mai zafi. Takin shanun da aka barbaɗa kuwa ya zo da 'ya'yan wasu ciyayin, ga gara tana nata ta ƙasa.

Kuskuren Alhaji ɗaya: ya faɗa a majalisa cewa ana gane ta kama ne in an ja gefenta ta ƙi tasowa. Tun ranar duk wanda ya shiga gaisuwa sai ya ja ya gani, kuma falle ɗaya kowa ke ja, na bakin ƙofa.

Jiya aka shigo da ragon layya. Har yanzu ana shawarar inda za a kafa turke.