Hulba da Masu Shanta

Hulba shuka ce daga dangin wake da gyaɗa, mai ganye uku-uku da ƙananan ƙwayoyi ruwan ɗorawa, masu tauri kamar tsakuwa, ga ɗaci. Daga Larabci aka aro sunan. Ta daɗe a duniya, don an tsinci ƙwayarta a kabarin Fir'auna Tutankamun, kuma yau Indiya ce ta fi kowa nomanta, musamman jihar Rajastan.

A ƙasashe da dama kayan girki ce. Indiyawa suna soya ƙwayar a miya, su dafa ganyen. Misirawa suna shayi da ita, mutanen Yaman su kaɗa garinta sai ya yi kumfa su zuba a kan miyar salta, a Sudan kuma a dama wa mai jego kunu.

Da ta iso ƙasar Hausa sai aka ɗauke ta daga madafa aka naɗa ta likita. Ramammiya tana sha don ta yi ƙiba, mai ƙiba tana sha don ta rage tumbi, a shago ɗaya suka saya, kuma kowacce tana da maƙwabciyar da ta gwada ta dace. Amarya kuwa ana dirka mata da madara tun biki saura wata guda, a kwaɓa a shafe mata kai, ragowar a fuska. Mai talla da lasifika a bakin tasha yakan jero cututtukan da take warkarwa har numfashinsa ya ƙare, cututtukan ba su ƙare ba. Bincike ya nuna tana ɗan rage sukarin jini, kuma likitoci suna hana mai ciki shanta da yawa, sai dai batirin lasifikar bai cika kaiwa wannan babin ba.

Abin da ba a gardama a kansa shi ne warinta. Sinadarin sotolon da ke cikinta yana fita ta gumi da fitsari, humra da turaren wuta ba su iya masa komai. Mai sha a ɓoye, wadda ke cewa cikar da ta yi “hutu ne kawai”, adaidaita sahu ɗaya za ta shiga da rana a watan Afrilu asiri ya tonu. Ko a birnin New York, daga 2005 mutane suka yi ta kiran hukuma kan wani baƙon ƙamshi mai zaƙi da iska ke kawowa, sai a 2009 aka gano wata masana'anta ce a New Jersey ke sarrafa hulba.