Idan Ka Ga Jemage Yana Bin Layin Tikiti

Matashin Garhanga ta ƙasar Adar da ya fita biɗa bayan an kai hatsi rumbu, ko Legas ya nufa ko Aljeriya, wata rana yana iya bi ta gaban wani babban zaure ya ga ƙato da gemunsa cikin shigar jemage, baƙi wuluk har da kunnuwa, yana tsaye a layi yana ƙirga kuɗin tikiti. A bayansa ga budurwa mai shuɗin gashi, riƙe da takobin da ya fi ta tsawo. Lafiyarsu lau, ba kuma bori ake yi ba. Taron masoya littattafan zane ne, kai ma in ka biya sai ka shiga, kuma ina so ka shiga.

Littafin zane shi ne wanda ake ba da labari a cikinsa da hotunan da aka zana, gida bayan gida, maganar kowa tana cikin wata da'ira da ke fitowa daga bakinsa. Masu Faransanci BD suke ce masa. Taron masoyansa da ya fi suna a duniya shi ne na birnin San Diego a Amurka, wanda aka fara a 1970 da mutum wajen 300. Yanzu sama da mutum 130,000 ke cika shi a watan Yuli. Garin Angoulême na Faransa ya fara nasa a 1974, Tokyo ta fara Comiket a 1975, sau biyu ma take yi a shekara. Waɗanda ƙafar ɗan Adar ta fi saurin kaiwa su ne na birnin Aljer, da aka fara a 2008, da Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya kafa a 2012.

Abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne shigar. Wanda ya yi tashe yana yaro, ya liƙa gemun auduga ya ɗauki sanda yana tafiyar tsoho, ya riga ya san rabin lamarin. Bambancin shi ne waɗannan manya ne, wasu da 'ya'yansu a hannu, kuma ba a ba su sadaka. Su ne ma ke kashe kuɗi, mutum ya yi watanni yana ɗinki da fenti don kwana biyu.

Ya kamata ka san manyan cikinsu, don kada ka yi gaisuwa a karkace. Mai kayan jemage Batman ne, an fara zana shi a 1939. A labarin attajiri ne, ba ya tashi sama, ba shi da wani asiri sai kuɗi da naushi. Mai jar riga da shuɗi da zanen yanar gizo a jiki shi ne Spider-Man, wanda Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro a 1962, kuma ba shi da wata dangantaka da Gizo mijin Ƙoƙi. In ka ga su goma sha a wuri guda, duk shi ɗaya ne, ba a tambayar wanne ne na gaskiya. Shi kuwa Superman yana sa jan gajeren wando a bisa dogon wando. Haka aka zana shi tun 1938, saboda haka kada ka ja bawan Allah gefe ka raɗa masa cewa ya yi kuskuren sa kaya. Ya sani.

A bakin ƙofa akwai masu binciken makamai. Za su karɓi takobin soso da bindigar roba su jujjuya su da kyau, in sun tabbata ba sa yanka ba sa harbi sai su ɗaura musu alama su mayar wa mai su. Wannan ya shafe ka kai tsaye: 'yar wuƙar da kake ratayawa a ƙugu tun daga gida ta gaske ce, ita ce ba za ta shiga ba. Ka bar ta a masauki. Haka kuma ba a ɗaukar mutum hoto sai an nemi izninsa, ba a taɓa fukafukinsa, ko da fukafukin ne ya fara taɓa ka a cikin cunkoso.

Daga nan za ka iske masu sayar da tsofaffin littattafai, kuma a nan ake bukatar natsuwa. Littafin da Superman ya fara fitowa a cikinsa an sayar da shi santi goma a 1938. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya a kan dalar Amurka miliyan 6. Irin waɗannan ana kai su wurin masana su duba kowace kusurwa, su ba su maki har zuwa 10, sannan a rufe su ruf cikin akwatin roba mai garai-garai. In aka buɗe akwatin, makin ya tashi aiki. Wato wanda ya sayi littafin ba ya karanta shi. In mai tebur ya miƙo maka ɗaya, ka karɓa da hannu biyu, ka yaba, ka mayar. Kada ka nemi inda ake buɗewa. Littattafan Japan kuwa daga dama ake fara su zuwa hagu, ba a juye aka buga su ba.

Akwai zaurukan da taurarin fim ke zama suna amsa tambayoyi. A San Diego babban zauren yana ɗaukar mutum 6,500, kuma mutane suna kwana a waje kan layi don su samu kujera. Ban ba ka shawarar wannan ba.

Inda nake so ka ɓata lokacinka shi ne layin teburan masu zanen da kansu, galibi can ciki inda hayaniya ta ragu. Kowa yana zaune da alƙalaminsa da 'yan littattafan da sau da yawa da kuɗin aljihunsa ya buga. Suna amsa gaisuwa, suna zana maka abu nan take, kuma su ne suka haifi duk abin da ake ta shiga dominsa a waje. A irin wannan teburi ne labaran Afirka suka samu shiga. Marguerite Abouet ta rubuta Aya de Yopougon a kan unguwar Abijan da 'yan biɗanmu suka sani ciki da bai, Clément Oubrerie ya zana, littafin ya ci kyauta a Angoulême a 2006. Roye Okupe ɗan Najeriya ya fitar da Malika, jaruma mai doki da takobi da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau.

Kada kuma ka tsaya a wurin kamar baƙon da bai da gado a wannan sana'a. Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka, kuma a Tawa, babban birnin jiharmu, ya zauna shekaru masu yawa yana aikinsa. A 1966 ya fitar da Bon voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, da faretin kwaɗi da komai. Daga baya ya yi Kokoa, inda kwaɗi ke kokawa a fage. A 1966 ɗin kuma ya yi Le Retour d'un aventurier, fim ɗin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma, suka canza suna, suka hau dawaki suka hana gari sakat. Zalika Sule tana cikin 'yan wasan. Shekara huɗu ke nan kafin a buɗe taron San Diego.

Abin da ya sa nake nacewa shi ne, a garuruwanmu akwai yaran da ke zana babura da 'yan kokawa a bayan littafin makaranta, ana ƙwace littafin ana yi musu faɗa. Ga kuma labarai jibge: Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Lugu a 1899, matan Keita da suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka tun daga 1984 suna raya ƙasar da ta mutu, da tafiyar biɗar kanta. Labarin zane yana isa ga wanda bai yi nisa a boko ba, domin hoton ya riga ya faɗi rabin maganar.

Saboda haka in kana zane, ka tafi da littafinka, kada kunya ta sa ka bar shi a ƙasan jaka. In ƙanenka ne mai zanen, ka ɗauki hotunan aikinsa a waya kafin ka bar gida. Ka yi sallama, ka jira mai teburin ya gama da wanda ke gabanka, sannan ka nuna masa. Mai yiwuwa ya ce hannuwan mutanenka ba su fita ba, don hannu ne ke ba kusan kowane mai koyo wahala. Ka tambaye shi irin takarda da tawadar da yake aiki da su, da inda ake buga littafi da arha, ka karɓi lambarsa. In da sauran canji a aljihu, ka sayi littafinsa ɗaya, irin wanda ake buɗewa.