Gizo, Kunkuru da Mesa a Ƙofar Galadima

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata kaka aka yi albarkar noma a Zazzau, har Zaki ya rasa lissafin buhunan da ke shigowa ta Ƙofar Galadima. Ya ce a yi masa manhajar ƙirga. To, kwamfutocin fadawansa ba bakinsu ɗaya ba: ta Giwa Windows, ta Ɓauna Linux, ta Malam Dila kuwa Mac.

Gizo ya yi wuf ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin la'asar an gama." Ya rubuta takarda guda da harshen Python, wato Mesa, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Sai dai takardar ba ta motsi da kanta, dole kowane gida ya ajiye Mesa tana yi wa kwamfuta tafinta.

Kunkuru ya rubuta tasa da harshen C. Tun a gida ya juya ta zuwa yaren kowace na'ura, kwafi uku, ya kwana bakwai yana yi. Amma da ta isa, ba ta nemi tafinta ba, gudu sai ka ce barewa.

Ran nan aka gano duka biyun suna ƙirga gero a matsayin dawa. Gizo ya gyara layi ɗaya, ya ba Hankaka ya rarraba. Kunkuru, bawan Allah, sai da ya sake juyi uku, ya bi gida-gida, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Kuyambana, yara na yi masa dariya.

Ana nan, a Janairun 2020 tsohuwar Mesa ta biyu ta ajiye aiki. Giwa ta ɗauko ta uku, sabuwar Mesa kuwa ta dubi takardar Gizo ta ce, "Wannan rubutun mutan da ne, ban iya ba." Ɓauna ya ƙi rabuwa da tsohuwar. Gizo ya gyara wa wannan, ta ɓaci wa wancan. A ƙarshen shekarar Malam Dila ya sayo sabuwar Mac mai ƙwaƙwalwar M1, Kunkuru ya ƙara juyi na huɗu.

Da almuru Gizo da Kunkuru suka haɗu a gindin ganuwa, kowa ya yi tiɓis.

"Baba Kunkuru, sannu da aiki."

"Sannunmu dai, Gizo. Mesa nawa kake kiwo yanzu?"

Bai kai ga amsawa ba, sai ga ɗan aiken fada yana haki: Kura ta sayi wayar Android, ita ma tana son manhajar kafin asuba.

Ƙurunƙus.