Jikan Mahaya a Ƙarƙashin Doki

Duk abin da ya same ni, bakina ne ya jawo mini. Washegarin Sallah na ɗauki autana mai shekara 9 muka je Ƙofar Kudu kallon Hawan Daushe. Mahaya suka sako sukuwa, suka yi zamiya a gaban Sarki, ƙura ta turnuƙe, yaro ya saki baki. Nan Shaiɗan ya zuga ni na ce, "Ai wannan gadonmu ne. Kakana in ya hau, sai gari ya fito kallo." Gaskiya kakana yana da abin hawa, amma jaki ne, kuma taki yake kai wa gona da shi.

Yaro kuwa ba ya manta irin wannan magana. Wata biyu yana bi na da naci, har wata Asabar na kai shi wata barga a bayan gari inda ake koya wa yara hawa. Na zuba babbar riga ta shadda wadda ta sha sitaci, na kafa hula, kai ka ce ɗaurin aure za ni.

Mai kula da bargar wani dattijo ne, goro a kunci. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji ya taɓa hawa?"

Kafin in haɗa amsa, autana ya yi caraf ya ce, "Baba, gadonmu ne!"

"To madalla, an hutar da ni. Alhaji, kwanto mana akawal ɗin can daga turke."

Na tunkari dokin ta baya, riga tana ƙarar fes-fes kamar ana yaga buhun siminti. Na ga ya kwantar da kunnuwansa baya, na ce a raina, dabba ma ta san manya. Ban rufe tunanin ba sai na ji iska ta wuce gefen gwiwata, bokitin da ke kusa da ni ya tashi sama ya dire can gindin katanga.

Baba mai kula da bargar bai ko tashi ba. Ya ce, "Alhaji, idanun doki a gefen kai suke. Yana ganin kusan duk kewayensa, ban da daidai bayan wutsiya da daidai gaban goshi. Wanda ya zo masa ta nan, kura ce a wajensa. Ta kafaɗar hagu ake zuwa, ana yi masa magana a hankali. Kunnen da ka ga ya kwantar kuwa, sanarwar harbi ce."

Na ce, "Na sani, Baba, gwada shi nake yi."

Da na samu na kwance shi, sai na naɗe igiyar ragama a hannu sau uku don kada ya ƙwace. Baba ya daka mini tsawa, "Warware! Dabbar da ta kai kilo 400 in ta zabura, da yatsunka za ta tafi." Ina cikin warwarewa akawal ya gyara tsayuwa, ya ɗora kofatonsa a kan babban yatsan ƙafata, ya kuma manta da shi a wurin. Ga ɗana yana kallo, ba damar ihu. Na dafa wuyan dokin ina murmushi, hawaye na zuba. Yaron ya ce, "Abba, kuka kake yi?" Na ce masa kakana na tuna.

Don mu shirya da dokin, na cika kwano da gero na nufe shi. Baba ya karɓe kwanon ya ce, "Kashe mini shi za ka yi? Doki ba ya amai. In ya ɗura hatsi fiye da kima, ciwon ciki ne, wani lokacin ma sai dai a ja gawa." Ya zuba mini ɗan kaɗan a tafin hannu, ya ce in shimfiɗe yatsuna sosai, domin doki ba ya bambance yatsa da rake.

Sai aka zo ɗaura sirdi. Na ja majayi har na ji ya kama, na yi bisimilla, na sa ƙafar hagu a likkafa, na yunƙura da dukkan ƙarfina. Ashe lokacin da nake ja, dokin ya kumbura cikinsa, da na gama ya saki. Sirdi ya juyo da ni a hankali, ba gaggawa, har na tsinci kaina kwance a kan kashin doki ina kallon cikinsa daga ƙasa. Akawal ya sunkuyo, ya shinshina hulata, ya ɗauke ta ya hau tauna.

"Sau biyu ake jan majayi, Alhaji," in ji Baba. "Ka ja, ka zaga da shi kaɗan, ka sake ja."

Autana kuwa, da yake ba shi da gadon da zai kare, duk abin da aka faɗa masa shi yake yi. Kafin azahar yana kan wani ɗan kuru ana zagayawa da shi, yana ɗaga mini hannu.

Na ja Baba gefe na ce, "Baba, maganar gaskiya, kakan nan nawa jaki gare shi."

Ya ce, "Ai tun daga ƙofa na gane. Mai doki ba ya zuwa barga da sitaci."

Yau wata uku ke nan duk Asabar muna can. An ba ni aikin kwashe kashi da dama dusa da kanwa, kuma akawal ya daina kwantar mini da kunne. Iyaye 'yan'uwana, in za ku kai yaro barga, ku sa tsohon wando da takalmi rufaffe, ku ce ba ku iya ba. Matambayi ba ya ɓata, kuma hularsa tana komawa gida tare da shi.